Wasiƙa zuwa ga kwaɗon ƙofar lambun unguwarmu

Zuwa ga Malam Kwaɗo,
Mai tsaron ƙofar lambun yara,
Kano.



Ranka ya daɗe. Ya aiki, ya fama da rana? Dalilin rubuto maka wannan takarda shi ne damina biyu ke nan kana rataye a ƙofar nan. Na yi sallama, na girgiza sarƙa, na tambayi mai gadi har ya fara sauya hanya in ya hango ni. Kai kaɗai ka rage ban yi wa magana ba.

Da farko ina so ka san yadda makon yaranmu yake. Litinin zuwa Juma'a suna boko. Asabar da Lahadi suna Islamiyya, safe da yamma, ga wanki, ga kitso, ga aike. Hutun Islamiyya Alhamis da Juma'a ne, na boko kuma Asabar da Lahadi, ba sa haɗuwa. Abin da ya rage musu shi ne ɗan tsakanin la'asar da magariba ranar Juma'a. Wannan ɗan lokacin ne ka kulle.

Makon jiya autata ta ɗauko tabarma da kanta, yayanta ya rungumo gorar zoɓo, muka taka har gabanka. Ta cusa fuskarta tsakanin ƙarafan ƙofa tana leƙen lilon nan mai igiya ɗaya, ciyawa ta kai masa wuya, ledoji sun maƙale a jikin darbejiya. Ta ce, "Umma, waye ya tafi da makullin?" Ba ni da amsa. Tsatsarka ta shafa mata a goshi, da ita muka koma gida.

Na san za a ce ai Kano ba ta rasa wurin zuwa ba. Gaskiya ne. Akwai Gidan Zoo mai sunan Audu Bako, akwai Gidan Makama kusa da fadar Sarki, akwai Dutsen Dala da marinar Ƙofar Mata, kuma duk na kai su, sun ga jimina, sun ga yadda ake tsoma zane a baba ya fito shuɗi. Amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, uwa mai 'ya'ya huɗu sai ta yi lissafin adaidaita sahu zuwa da dawowa kafin ta yi na tikiti, balle gurasa da ruwa. Irin wannan fita ta zama ta Sallah. Lambun da kake tsare kuwa da ƙafa ake zuwa.

Sai maganar titi. Da ka hana su ciki, wasan bai tsaya ba, bakin hanya ya koma. Maza na buga ƙwallo tsakanin babura, mata na 'yar gala-gala a gefen kwata. Da idona na ga ɗan maƙwabcinmu ya bi ƙwallo har ƙarƙashin motar yashi, Allah ya tsare direban bai tayar ba. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake.

An ce gyara za a yi. To, ina masu gyaran? Ko buhun siminti ɗaya ba mu gani ba. Yanzu kuma raɗe-raɗin yanka filin a yi shaguna muke ji, kuma mun ga yadda aka yi da wasu filayen.

Ba mu roƙi injin wasa mai lantarki ba. A buɗe kawai. Matan layinmu sun ce za su zo da tsintsiya, samari da lauje, mai walda ya yi alkawarin ɗinke lilon kyauta.

Haƙurinmu ya kusa ƙarewa, Malam Kwaɗo. Ka isar wa mai makullinka cewa ranar Juma'a bayan la'asar muna nan tafe da tabarmarmu, mu da yaran layi gaba ɗaya, kuma a bakin ƙofar za mu shimfiɗa ta.

Haza wassalam.

Ni ce,
Uwar yara huɗu, layin bayan lambu.