Fatawar da Hannun Riga Ya Ɓata

A zamanin da muke karatun ilmin sinadarai Allah ya hore mini kaifin hadda, har na ɗauka cewa wanda duk ya haddace ƙa'idar Markofnikof, masanin nan na Rasha da ya bayyana ta a 1870, ya isa ya ba da fatawa a kowace mas'ala ba tare da ya nemi illar hukuncin ba. Ƙa'idar kuwa ita ce, idan HBr ya gamu da furofin, haidurojin yakan tafi wurin kabon na gefe, wanda dama ya fi yawan haidurojin, buromin kuma ya sauka a na tsakiya. Mai shi ake ƙara wa, kamar yadda al'adar duniya take.

Ran nan malaminmu ya rubuta mas'alar a allo, na miƙe da taƙama, sai na hangi wasu 'yan haruffa, ROOR, bisa kibiyar. Da yake na zaci ragowar darasin jiya ne, saboda tsabar ladabi na sa hannun riga na goge su tas, na ɗora buromin a tsakiya, na juyo ina jiran yabo.

"Allah gafarta Malam, an gama."

"Kai, ina ferokzayid ɗina?"

Ajin ya kece da dariya, alli kuwa ga shi fari fat a hannun rigata, shaidar da ba ta bukatar rantsuwa. Nan Malam ya warware mana cewa ROOR ɗin da na goge shi ne ferokzayid, kuma hukuncin yana bin wanda ya fara isowa ne: in babu ferokzayid, haidurojin ke riga zuwa, ya kama gefe domin cajin da ya rage ya zauna a tsakiya, inda kabon biyu ke tallafa masa, amma in akwai shi, kamar yadda Karash da Mayo suka tabbatar a Shikago a 1933, ƙwayar buromin mai lantarki guda marar abokin zama ita ke gaba, ta kama gefen saboda wannan illa ɗaya tak, sakamakon ya juye. HCl kuwa, in ji shi, ba ya wannan tawaye.

Daga nan ya yanke hukunci cewa tunda na nuna gwaninta a fannin, gogar allo ta zama tawa har ƙarshen zango, almajiran kuma suka naɗa ni Shehu Mai Tsumma.