'Yan Bubji na Gadarif

Balarabe ba shi da harafin P, Bahaushe ma bai gaje shi ba. Shi ya sa wasan PUBG yake yawo a Gadarif da suna biyu: 'yan gari su ce Bubji, wasu cikin namu su ce Fabji. Tun da ya sauka a waya a 2018 ya kama samari kamar zazzaɓin damina. Mutum 100 ake zubowa daga jirgi a wani tsibiri, kowa hannu Rabbana, a tsinci makami, fili yana ta tsukewa, wanda ya rage a yi masa albishir da cin kaza. Har yau dai ban ga wanda ya taɓa ko ƙafarta ba.

In kana son ganin 'yan wasan, zauna wurin mai shayi bayan isha'i. Wanda za ka fara lura da shi shi ne ɗan kwanto, saboda shirunsa. Da ya sauka sai ya nemi ciyawa ya kwanta, ko tari ba ya yi. Mutum 97 za su kashe juna bai harba harsashi ɗaya ba. In aka ce masa matsoraci, sai ya ce haƙuri gado ne: kakansa da ƙafa ya taso daga Katsina zai je Makka, yana tafe yana noma, har ya ga baƙar ƙasar Gadarif ya ajiye gafaka. Jikan irin wannan ne za a yi wa gaggawa?

Kusa da shi akwai mai tara kaya, wanda nake zargin jinin dillalan kasuwar amfanin gona ne. Yadda suke ɓoye riɗi a sito suna jiran tsada, haka yake cika jaka da harsashi da magani, har da kwanon suya. Abokinsa na zubar da jini yana roƙon bandeji, shi yana cewa a bari tukuna a ga yadda kasuwa za ta kaya. Kullum da cikakkiyar jaka yake mutuwa, wanda ya kashe shi ya ci gado.

Wani kuma ba a taɓa kashe shi ba, layi ne ya ci amanarsa. Zain gare shi, da Sudani, da MTN, kuma duk ukun ya sha tsine musu a dare ɗaya. Sau ɗaya tak ya yi gaskiya, a Fabrairun 2024 da layuka suka ɗauke a faɗin Sudan. A waɗancan kwanakin ya rame, don ba shi da wanda zai ɗora wa laifi.

Ɗan gayu sai an yanke riɗi a Oktoba ake jin ɗuriyarsa. Kuɗin ƙwadago na shiga asusunsa na Bankak ya saya wa ɗan wasansa riga mai walƙiya, alhali shi jallabiyarsa ɗaya, ita ma an yi mata faci. Rigar ce take tona shi daga nesa.

Amma kwamanda ya fi kowa cika kunne. Shi ne mai cewa a sauka Pochinki, inda maza ke sauka, kuma shi ake fara kashewa. Mutuwar ba ta hana shi komai. Sai ya leƙo ta kafaɗarka: "Ya zol, dama! Na ce dama! Wallahi da ni ne..." Gawa ce mai ba da umarni, kuma shayinka take sha.

Can gefe 'yan ƙwallon waya da 'yan Ludo suna tasu majalisar, suna kallon 'yan Bubji a matsayin yara. Su manya ne, rigimar ƙungiyoyin Hilal da Marrikh kawai suke yi har sha biyun dare.

Kawu yana nan kan kujerarsa da carbi da ɗan kofin gahawar jabana. Ya ce wasan banza ne, a zamaninsu saurayi gona ya sani. Ana cikin haka carbi ya tsaya: "Kai ɗana, ba ka ga mutum bayan bishiya ba?"

Akwai wani yaro da ba na sa shi a sahun dariya. Daga Madani suka zo a Disambar 2023, cikin dubban da yaƙi ya koro garin nan. Ya fi su duka iyawa, amma sai ya kashe sautin wayarsa yake wasa, kuma ya fi son tuƙa mota ya kwashi waɗanda suka ji rauni. Ko kwamanda ba ya ɗaga masa murya.

Mai shayi ba ta san Pochinki ba, amma ta san wanda ya sha uku ya ce biyu ya sha. Tana kwashe kofuna ta dubi ɗan kwanto ta ce, "Ɗana, a can ka iya ɓuya. Nan kuɗin jiya da na shekaranjiya nake jira."