Madalla da Saniyar da Ba a Tatsa

Ɗan yayata ya same ni a fada ranar nan da yamma, ana kan shayi na biyu, ya miƙo mini salularsa. Ya ce, "Kawu, an ce hannun jarin kamfanin sada zumunta na Donald Trump shi ne hanyar kuɗi yanzu. Ni da ban taɓa sayen hannun jari ba, ya dace in fara da shi?" Na ce masa, yaro, tun da aka fara cin kasuwa a duniya ba a taɓa kawo hajar da ta dace da sabon shiga kamar wannan ba. Ya yi mini kallon wanda bai gamsu ba, shi ya sa na ga gara in rubuta hujjojina, sauran samarin Dakoro su ma su kwashi rabonsu.

Ku dubi irin wahalar da mutum yake sha kafin ya sayi tunkiya ɗaya tak a kasuwar bisashenmu. Sai ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya taɓa hantsa, ya matsa gadon baya, ya leƙa hanci ko akwai majina, ya tsare dillali da tambayar daga wane garke ta fito, na wajen Kornaka ne ko na Tarka. A taya, a ce albarka, a yi fushi a tafi, a dawo, rana ta gasa kowa. Wannan duk ƙauyanci ne, kuma kamfanin Trump Media, mai dandalin Truth Social, ya zo ya 'yantar da mu daga gare shi. A nan ba a duba haƙori. Sunan mai saniya ake saye, kuma sunan a jikin hajar yake, don a kasuwar Nasdaq ta Amurka da haruffan sunansa ake kiran hannun jarin, wato DJT.

Ranar 26 ga Maris 2024 aka fara cinikinsa da wannan suna. Kafin a tashi kasuwa sai da hannu ɗaya ya kusa taɓa dala 80, dalar Amurka fa nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. An rufe ranar yana wajen dala 58, darajar kamfanin gaba ɗaya ta doshi dala biliyan 8. To me wannan ƙasaitaccen kamfani ya samu a shekarar 2023? Kuɗin shigarsa dala miliyan 4.1, asararsa dala miliyan 58. Bari in mayar muku da lissafin cikin harshen garke. Saniya ce wadda nonon da take bayarwa a shekara guda bai wuce na jika ɗaya ba, bayan an sayar da nonon ma sai mai ita ya yi cikon jika goma sha huɗu, amma ta shiga kasuwa aka yi mata kuɗi kusan miliyan biyu. Ku gaya mini, a duk faɗin Azawak wace saniya ce ta taɓa samun wannan daraja? A 2024 ta ƙara nuna bajinta, nonon ya ragu zuwa dala miliyan 3.6, asara ta kai wajen dala miliyan 400. Ribar ƙarshen shekara kuwa ba a taɓa raba wa masu hannun jari ko sisi ba, saboda haka sabon shiga ya huta da neman ƙwaryar tatsa.

Akwai kuma kunya da kawaici irin na mutanen kirki. Sauran kamfanonin sada zumunta duk bayan wata uku sai sun fito suna shelar yawan mutanen da ke hawa dandalinsu kowace rana, kamar marasa tarbiyya. Wannan kuwa ya bayyana a takardunsa cewa shi ba ya dogara da irin waɗannan alƙaluma. Mun san makiyayi ba ya son a tambaye shi yawan shanunsa, sai dai shi makiyayin bai taɓa ce maka ka kawo kuɗi ka sayi kason garken da ba ka gani ba. Nan ne ci gaban yake. Ni dai har yau ban ga mutum ɗaya a Dakoro da Truth Social a wayarsa ba, wanda hakan ma alheri ne, don wanda bai san kaya ba ba ya ganin aibinsu. Ofishin da ke binciken littattafan kuɗin kamfanin a lokacin, BF Borgers, a watan Mayun 2024 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 12 ta kuma haramta masa sana'ar, saboda ya daɗe yana sa hannu a kan binciken da bai yi yadda ya kamata ba ga ɗimbin kamfanoni. Ba a tuhumi kamfanin Trump a wannan ba, ya dai sake mai bincike. Na ambata ne kawai don ku ga yadda sauƙaƙawa ta game ko'ina.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne sauri. Waɗanda suka ga 2010 sun tuna yadda shanu suka zube a wajen Gadabeji, yadda makiyayi yake sallama saniyar da ta kasa tashi a kan kuɗin da ba zai sayi ɗan akuya ba. Kafin a kai ga haka sai da damina ta gaza, ciyawa ta ƙare, aka yi wata da watanni ana tafiya ana neman haki. Dubi wannan jan ƙafa! Hannun jarin nan ba ya jiran fari. Kwana shida da fara cinikinsa, da aka fitar da labarin asarar 2023, ya zubar da sama da kashi 20 cikin ɗari a yini guda. Zuwa ƙarshen Satumba ya sauko ƙasa da dala 12. Wanda ya zuba jika ɗari a ƙololuwar ranar farko, cikin wata shida ya koma mai jika goma sha biyar, bai yi tafiya ba, bai ja guga ba, bai ga gawar dabba ba. A wace makaranta ake ba ɗalibi darasi mai shiga jiki haka cikin wata shida?

Kar a ce na ɓoye alheri. A ƙarshen Oktoba ya sake hayewa sama da dala 50, har sai da aka riƙa dakatar da cinikinsa saboda tsalle ya yi yawa, washegari kuma ya sake zubar da sama da kashi 20. Wanda ya saya a ƙasa ya sayar a sama ya ci riba ninki huɗu. Abin da ake buƙata ɗan kaɗan ne, mutum ya san gobe tun yau. Misali, ranar 13 ga Yulin 2024 an harbi Trump a kunne a wajen gangamin siyasa a Pennsylvania, ranar Litinin da ta biyo baya hannun jarin ya tashi da kusan kashi 30. A watan Satumba Trump ya yi muhawara da abokiyar hamayyarsa Kamala Harris, da gari ya waye hannun jarin ya faɗi da kusan kashi 10. Kun ga adalci ke nan. Ƙwararren da ya yi shekara talatin a New York da ɗan kabu-kabun Dakoro duk ɗaya suke, babu wanda ya san inda harsashi zai bi. Bambancin kawai, ƙwararren da kuɗin wasu yake wasa, kuma ya rarraba su a wurare ɗari, shi kuwa namu jarumi ne, kuɗin ragon turkarsa ne gaba ɗaya ya ɗora a wuri guda.

Halin dangin kamfanonin sada zumunta ne gaba ɗaya. A Fabrairun 2018 wata tauraruwar Amurka, Kylie Jenner, ta rubuta cewa ta daina buɗe Snapchat, darajar kamfanin ta ragu da sama da dala biliyan ɗaya. Ko babban yayansu mai Facebook, a rana ɗaya cikin Fabrairun 2022 ya yi asarar sama da dala biliyan 200 ta daraja. Namu na Trump kuwa a 2025 ya ɗebi kusan dala biliyan 2 ya zuba a harkar bitcoin, wato saniya mai tsalle ta haɗiyi fara.

Saye ma babu wuya. Manhajoji sun cika intanet, kasuwar tana buɗewa bayan Azahar ɗinmu ta tashi bayan Isha'i, daidai lokacin zaman fada. Wasu manhajojin saboda tausayi ba za su ma ɗora maka nauyin mallakar hannun jarin ba, caca kawai za ka yi a kan farashinsa, su kuma ranta maka ƙarin kuɗi domin tashi da faɗuwa su ninka. Hukumar Turai mai lura da kasuwannin kuɗi ta gano a 2018 cewa kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi, don haka mutum ba zai yi kaɗaici ba. In kuma rezo ya ɗauke farashi yana gangarawa, an hutar da kai yanke shawara.

A daina raina sabon shiga, matsayinsa babba ne. Duk wanda ya saya da arha yana son sayarwa da tsada, dole a samu mai karɓa a hannunsa ranar da labari ya gama zagaya duniya har ya iso fadar shayi a Dakoro. Ba don sabon shiga ba, wa zai raba manya da kayansu? Dacewarsa da wannan hannun jari irin dacewar rago da Layya ce, ba a yi sai da shi.

Sai ka ji tausayin iyayenmu mata masu adashe, da masu sayen wake da kaka su ajiye zuwa bazara, da masu ɗaure balami wata huɗu suna ba shi dusa da harawa. Har da masu zuwa Yamai su sayi hannun jarin Sonatel ko na Bank of Africa Niger a kasuwar BRVM ta Abijan, su zauna jiran ɗan abin da za a raba a ƙarshen shekara kamar masu jiran fansho. Babu bugun zuciya, babu kwanan zaune, abincinsu ma narkewa yake yi.

Ɗan yayata ya ce zai sayar da tunkiyarsa mai ciki ya shiga. Na sa masa albarka. Roƙona gare shi da duk mai irin wannan niyya, don Allah kafin a kai wa dillali a fara nemana. Ni baƙauye ne, har yanzu ina sayen abin da ke haihuwa.