Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Polkit, Maigadin Linux

Malam Polkit shi ne ɓangaren Linux da ke yanke hukunci kan wanda zai kashe kwamfuta, wanda zai buɗe filas, da wanda zai taɓa agogo. David Zeuthen na kamfanin Red Hat ne ya ƙirƙiro shi da sunan PolicyKit, kuma tun ranar aikinsa gadi ne. Abin da ya jawo wannan takarda shi ne halin da Malam ke shiga duk sanda aka sabunta tsarin kwamfuta. Jiya mai gida ya danna maɓallin kashewa, na'ura ta mutu salin alin. Yau ya danna, sai akwati ya faɗo yana neman kalmar sirrin shugaba, ko kuwa maɓallin ya yi fari fat, ya ƙi dannuwa.

Asalin matsalar, Malam bai san mai gida da fuska ba, da rajista ya san shi. Kafin ya ba da izini sai ya tambayi systemd-logind: wannan mutum yana zaune gaban na'urar ne, kuma zamansa ne ke kan aiki yanzu? In an ce e, ƙofa a buɗe. Wanda ke rubuta suna a rajistar lokacin shiga kuwa shi ne pam_systemd. Idan sabuntawa ta dagula fayilolin PAM, ko ta ajiye sabo a gefe da wutsiyar .pacnew ko .dpkg-dist ba a haɗa shi da tsohon ba, sai mutum ya shiga gidansa ba a rubuta shi ba. Umarnin loginctl na fallasa wannan nan take: in ba a ga zama a kan seat0 ba, nan gizo ke saƙar. A da ConsoleKit ke riƙe da rajistar, kafin Arch ta koma systemd a 2012, Debian 8 ta biyo baya a 2015. Wani lokacin ma Malam na shirye ya karɓi kalmar sirri, amma ɗan aiken da ke nuna akwatin tambayar bai tashi tare da tebur ba, sai a yi ta dannawa shiru kamar an shuka dusa.

Sai batun sauya harshe. Shekara da shekaru ana rubuta wa Malam dokoki a fayilolin .pkla yana bi. Daga fitowa ta 0.106 a 2012 ya ce shi sai JavaScript, a cikin /etc/polkit-1/rules.d. Debian ta yi zamanta kan 0.105 har zuwa Debian 12 a 2023, don haka masu dokokin da suka haura shekara goma suna aiki suka wayi gari Malam ba ya jin su, sai in an saka masa tafinta. Sauya harshe ba laifi ba ne. Yin gum ba tare da cewa an daina karanta tsohuwar takarda ba, wannan kam rashin kara ne.

Adalci ya sa a faɗa cewa ba kowane laifi ne nasa ba. Idan na'ura ta tsaya tana ƙirga minti 1 da daƙiƙa 30 kafin ta mutu, systemd ne ke jiran wani aiki da ya ƙi tsayawa, kuma journalctl -b -1 zai ambaci sunan mai taurin kan, muddin ana adana bayanan tashin da ya gabata. Umarnin systemd-inhibit --list kuma na nuna manhajar da ta riƙe ƙofa, wadda sau da yawa ita ce mai sabuntawar da ba ta gama ba. Mai gida ma yakan yi wa kansa: ya rubuta usermod -G ya manta -a, ya fitar da kansa daga rukunin sudo ko wheel da hannunsa. Masu gudun wahala kan watsa chmod 777 ko'ina, wanda ba ya gyara rajista, illa ya ɓalle ƙyauren ɗakuna.

Akwai kuma abin da ba a so a tuna wa Malam. A Janairun 2022 kamfanin Qualys ya bayyana ɓarakar da aka laƙaba wa PwnKit a cikin pkexec ɗin Malam, wadda ke nan tun 2009. Sama da shekara 12 duk mai ƙaramin asusu a na'ura zai iya zama shugaba ta ƙofar baya, alhali a ƙofar gaba ana tsare mai gida ana ce masa ya kawo shaida kafin ya kashe abinsa.

Roƙon bai da yawa. In Malam zai hana, ya rubuta dalili a kan allo da harshen mutane: babu suna a rajista, ko doka ta tsufa, ko wata manhaja na tsakiyar aiki.

Daga masu kwamfutocin da ke kashe su da dogon danna maɓallin wuta.