Kwana Uku a Italiya, Wata Shida a Majalisa

Idan ka ce wa mutumin Miri za ka yi tafiya, tambayarsa ta farko ita ce, "Lafiya? Wa ya rasu?" In ka ce ba rasuwa aka yi ba, sai ya ce to biki ne ko suna. In ka ce ba ko ɗaya, sai ya sassauta murya ya tambaye ka ko wani asibitin aka tura ka. Amma ka kuskura ka ce za ka je kallon tsohon gini ne kawai ka dawo, to kafin magariba an kai maganarka gaban kawunka, a ce a tsaya wa yaron nan da addu'a, ko kurciya aka yi masa.

Haka muka taso. Tafiya sai da dalili: fatauci, neman ilimi, ci-rani, zumunci, aikin Hajji. Sai ga waya ta zo ta ɓata mana lissafi. 'Yar wani attajiri ta sa hotonta a WhatsApp tana tokare hasumiyar Fiza da tafin hannu, wai kada ta faɗi. Hoton ya zaga gari har ya iso wata majalisar shayi da ke bakin hanyar Jos a Bauchi, inda ma'aikata da 'yan kwangila da ɗan canji ɗaya suke raba dare suna gyara Najeriya da baki. A daren aka yanke shawara: su ma za su je Italiya yawon buɗe ido, kwana uku kacal, birnin Fulorans, tunda an ce daga can zuwa Fiza tafiyar kimanin awa ɗaya ce a jirgin ƙasa.

Da yake ba a fafe gora ranar tafiya, sai aka fara da abin da muka fi iyawa, wato kafa kwamiti. Aka naɗa shugaba, mataimaki na ɗaya da na biyu, sakatare, ma'aji, mai binciken ma'aji, jami'in hulɗa da jama'a, mai tsawatarwa da uban ƙungiya. Da aka ƙidaya, muƙamai sun fi matafiyan yawa, don haka wasu suka riƙe bibbiyu. Aka buɗe zauren WhatsApp. Washegari aka buɗe na biyu, wanda babu ma'aji a ciki.

Zama uku na farko a kan anko suka ƙare. Fara za a yi ko ruwan toka? Shadda ko yadi? Hula zanna ko damanga? Har aka yi fushi aka shirya, ba wanda ya tambayi abin da ke cikin garin da za a je. Mutum ɗaya ne ya ɗauki wannan wahalar, wani malamin sakandare da kowa ke kira Ticha, wanda aka ba shi muƙamin mataimakin sakatare don a rufe masa baki, bakin kuma bai rufu ba.

Ticha ya zo da littafin rubutu. Ya ce garin a bakin kogin Arno yake, kuma wasu attajirai masu banki, iyalan Medichi, su ne suka zuba dukiya a kan masu zane da masu sassaƙa har sunan garin ya cika duniya. Ya ce abin da ya fi fice shi ne ƙubbar babban cocinsu, wadda wani magini mai suna Burunelleski ya kammala a 1436, da jan bulo sama da miliyan 4. Ya ƙara da cewa ana hawa har ƙololuwa, matakala 463, kuma babu lif.

Shugaba, wanda ko masallacin ƙofar gidansa da mota yake zuwa, ya ajiye kofin shayi.

"Ticha, a saman akwai me?"

"Ranka ya daɗe, za ka ga gari gaba ɗaya."

"Daga ƙasa ba a ganin garin?"

Aka soke hawa ƙubba da gagarumin rinjaye.

Sai maganar lokaci, wadda ni a ganina ita ce za ta hallaka tafiyar ko da an samu biza. A manyan gidajen zane-zanen garin ana sayen tikiti tun daga gida, da rana da awa a rubuce a jiki, kuma shahararren cikinsu, Uffizi, ba ya buɗewa ran Litinin. To mu da muke sa alkawari "bayan la'asar", la'asar ɗin da ke kaiwa har isha? Mu da mutum zai ce maka "ga ni nan a Wunti" alhali yanzu ya shiga wanka? Mai tsawatarwa ya ce kada a damu, in an makara za a yi wa mai gadi magana, ai shi ma ɗan Adam ne, kuma akwai goro.

Daga nan Ticha ya yi ɓaranɓarama. Ya nuna hoton mutum-mutumin da suke kira David, wanda Mikelanjelo ya sassaƙa da dutsen marmara ya gama a 1504, tsawonsa mita 5 da ɗoriya. Jama'a daga ko'ina a duniya suna yin layi na awanni don su gan shi, kuma bawan Allah ko bante babu a jikinsa. Majalisa ta ɗauki salati. Uban ƙungiya ya ce shekara ɗari biyar, duk arzikin ƙasar, an rasa mai taimakonsa da ko yadi biyu? Ya kawo shawarar a ƙara yadi goma a kuɗin anko, a kai sadaka.

Labari ba ya kwana a majalisa. Ya isa cikin gida, kuma ya isa da ƙari: an ce akwai wata gada a garin, Ponte Vecchio, wadda tun daga wannan baki har wancan shagunan gwal ne. Wannan kuwa gaskiya ne. Da can mahauta ne a kan gadar, sai mai mulkin garin ya kore su a 1593 saboda wari, ya zuba maƙeran zinariya. Ko da jin haka, Hajiyoyi suka ce ƙafarsu ƙafar Alhazai. Nan aka shiga babin da ba a koyar da shi a makarantar yawon buɗe ido. Mai mata biyu da wa zai tafi? In ya tafi shi kaɗai, kwana ukun nan na wa aka ci, tunda bibbiyu ake yi? Uwargida ta ce, "Alhaji, ni fa ban hana ka tafiya ba, amma ranar girkina za ka dawo." Amarya ta ce ba ta yarda ba sai an ƙidaya da kwanan jirgi. Mataimaki na biyu ya ajiye muƙaminsa a kan wannan batu, ya ce lafiyar gidansa ta fi masa Turai.

Guzuri ma sai da ya ci zama guda. An tsara kilishi, dambun nama, man shanu, yaji da garin kunu, kowa da jakarsa. Ticha ya ce dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko kayan madara daga waje, a filin jirgi za a karɓe. Aka ce to me za a ci? Ya ce burodin yankin ba a sa masa gishiri. Gasasshen namansu da suke tinƙaho da shi, da jini-jininsa ake kawowa, kuma in ka ce a mayar wuta mai dafawa zai ji ka zage shi. Ga alade da giya a ko'ina, sai mutum ya yi ta tambaya kafin ya kai loma. Abincin kan titi da suka fi so kuwa, tumbin saniya ne a dafa a cusa cikin burodi. Ma'aji ya ce, "Wato mu sayar da fili, mu haye teku, mu je mu ci kayan ciki?" Bai gama mamaki ba aka gaya masa cewa a 2018 hukumar garin ta sa tara har Yuro 500 ga wanda ya zauna bakin wasu tituna yana cin abinci a lokutan da aka hana. Mutumin Bauchi, wanda ya saba ya tsuguna gaban mai masa ya ci ta da zafinta yana gaisawa da masu wucewa, a ce ya biya tara don ya zauna!

Akwai ma wata cuta da aka sa wa sunan wani marubucin Faransa, Stendhal, wanda ya ziyarci garin a 1817 ya ce kyan abin da ya gani ya sa zuciyarsa bugawa har ya kusa faɗuwa. Likitocin garin sun sha karɓar baƙi masu jiri da ruɗewa bayan kallon zane. Majalisa ba ta ɓata lokaci a kan wannan ba. Kowa ya san sunan abin da ke kama mutum a tsohon gini. Aka ƙara mai ruƙiyya a jerin matafiya.

Tsaraba ita ce ta fi komai tsawo a littafin sakatare. Surukai, ƙannen mata, maƙwabta, limamin unguwa, mai gadi, abokin aiki da ba a shiri da shi amma dole ya san an je. Kowa jakar fata ko takalmi "ɗan Italiya". Abin da ba a faɗa a zaman ba shi ne, Italiya na cikin manyan masu sayen fatar da ake jemewa a Kano, kuma fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe da suna a kasuwannin Turai. Ba mamaki jakar da Alhaji zai biya Yuro ya ɗauko wa Hajiya, akuyar da aka yi ta da ita ta taɓa cin dusa a Gwadabawa. Ita dai ta riga mu samun biza.

Bizar kuwa ita ce hangen Dala. Kuɗin nema kaɗai Yuro 90 ne tun daga 2024, kuma in an hana ka ba a mayarwa. Ga inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, ga shaidar masauki, ga tikitin dawowa, ga takardar banki mai nuna shige da ficen kuɗinka. Ɗan canji ya ce wannan mai sauƙi ne: zai zuba kuɗi a asusun shugaba, a buga takarda, a kwashe a zuba wa mataimaki, haka har a zagaye. Kuɗi ɗaya, attajirai takwas. Su kuma masu duba takardun, a tunaninsa, jiya aka haife su.

Ana cikin wannan lissafi Ticha ya ce, tunda tsofaffin gine-gine ake son gani, me zai hana a yi gwaji da na kusa? Ya ce a Kafin Madaki, hedikwatar Ganjuwa, akwai gidan Madakin Bauchi da Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin Zazzau, ya gina wajen 1860. Ƙasa ce da azara, amma a je a ga yadda aka ɗaure bakan gizon soron, a ga yadda rufi mai nauyi ya zauna a kansu shekara sama da 160. Tun 1956, kafin a ba mu mulkin kai, aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa, yana sahun farko a Najeriya kaf. Turawa masu nazarin gini sun zo sun auna, sun zana, sun rubuta littattafai a kan aikin Babban Gwani. Hanyar ma ita ce ta Ningi, wadda dole su bi in za su filin jirgi.

Shiru ya ɗan ratsa. Sai shugaba ya ce, "Ticha, gidan ƙasa fa ka ce. Wanda na rushe na kakana na zuba bulo?"

Ticha ya ce to kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa fa, da ke nan cikin gari? Firayim Ministan Najeriya ɗaya tilo, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Ana bi ta wani lungu mai duhu a fito fili mai haske inda kabarin yake, ga kuma kayansa an adana. Da aka bi layi, mutum biyu ne suka taɓa shiga, su ma baƙi suka raka. Sauran sun san shi a jikin naira biyar. Yankari kuwa, da aka buɗe wa jama'a tun 1962, da ruwan Wikki mai ɗumi da kogunan Marshall waɗanda mutanen dauri suka sassaƙa cikin dutse, kowa ya ce ya je, lokacin yana aji biyar na firamare.

Jami'in hulɗa da jama'a ne ya fasa ƙwan, kuma Allah ya saka masa da alheri don ya faɗi gaskiya. Ya ce, "Yallaɓai, in na sa hotona a Kafin Madaki, wa zai rubuto mini Allah ya dawo da kai lafiya? Wa zai raka ni tasha? Wa zai zo sannu da zuwa?" Ashe duk shirin nan ba don a je a gani ba ne. Don a gan mu ne. Da za a samu mai ɗaukar hoto a Wunti da labule mai hasumiyar Fiza, wanda ba zai tona asiri ba, da rabin kwamitin sun huta da neman biza.

Inda aka kwana yanzu: an ɗinka anko, an kuma sa shi a ɗaurin auren ƙanwar ma'aji. Kuɗin asusu an ranta wa uban ƙungiya, zai biya in an biya shi kuɗin kwangila. Tafiya an ɗaga ta zuwa bayan Sallah, ba a dai fayyace wace Sallar ba. Ticha an sauke shi daga muƙaminsa bisa laifin kawo ruɗani.

Mai karatu, in Allah ya hore maka zuwa Fulorans, ka je, garin ya cancanci kallo. Ka sayi tikitinka da wuri, ka nemi takalmin da zai iya matakala 463, ka bar kilishinka a gida, kada kuma ka kafa kwamiti. In bai hore ba tukuna, Kafin Madaki ba ta kai tafiyar awa ɗaya daga Bauchi ba, kuma ba a tambayar takardar banki a hanya.