Bakatsine Ya Tayar da Injin Jirgi, Nufawa Sai Haƙuri

Tun ranar da na yi suɓul da baka a wannan fili na ce na gyara tsohon injin kwale-kwalen surukina da hannuna, ban sake shan ruwa da daɗi ba. Wasiƙunku sun iso, kuma na karanta su tsaf. Wani Banufe daga Bida ya ce Bakatsine bai san wani ruwa ba sai na randa da na buta, don haka in rufa wa kaina asiri in ce janareta na gyara. Wata Hajiya daga Zariya ta ce ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Wani bakanike kuma daga Baga ya ce irina ne ke kawo musu inji a cikin buhu, kusoshi a aljihu, muna cewa dama haka muka same shi. Har da wani mahauci da ya ce shi bai ga abin wahala ba, tunda duk ƙarshen zancen kifi ne.

Madalla. Ku gyara zama, yau zan ba ku labarin daga tushe, wanda ya ga ƙarya ya ɗaga hannu.

Injin nan ƙirar Yamaha ne mai ƙarfin doki 15, irin wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai. Damina huɗu ya yi a jingine a zauren surukina a Yelwan Yawuri, kaji na kwana a kansa. Duk wanda na tambaya sai ya ce ai ya mutu. Wani ma ya rage murya ya ce mini tun ranar da ya tsaya a tsakiyar ruwa da magariba aka san ba lafiya ba, mutanen ruwa ne suka taɓa shi. Na tambayi Baba, wato surukin nawa, ko zai bar ni in gwada. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, “Malam, kai da alli na san ka. Amma ɗauka, abin da ya mutu ba ya sake mutuwa.”

Abin da na fara koya, kuma shi ne duk sirrin da zan sayar muku kyauta, injin nan buƙatunsa ba su fi na jariri yawa ba. Yana son mai, yana son wuta, yana son matsi a cikin silinda, sannan yana son ruwan da zai sanyaya shi. In ya ƙi tashi, ɗaya daga cikin ukun farko ne ya yi batan dabo. In ya tashi ya ɗau zafi, na huɗun ne. Aikin mai gyara shi ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya fara da mai arha kafin mai tsada. Masu kai inji a buhu, ya kai mutumin Baga, su ne masu farawa da kwance komai a rana ɗaya. Ni kowace kusa na cire sai na sa ta a gwangwanin madara, na ɗauki hoton wurin da waya.

Kafin komai na samo duro na cika shi da ruwa, na rataya injin a bakinsa, ƙafarsa a nutse. Abokin wasana Banufe, kai da aka haifa a bakin kogi, ka san dalili? A cikin ƙafar injin akwai wani ɗan famfo na roba mai fukafukai da ke tura ruwa sama. Ruwan da yake turawa shi ne man shafawarsa. Ka tayar da inji a tudu don burge jama'a, kafin ka gama murmushi robar ta ƙone. Rubuta wannan, ka ce Bakatsine ne ya koya maka.

Sai mai. Na tsiyayi abin da ke cikin tanki a kwalba mai haske, na ajiye. Bayan ɗan lokaci sai ga shi ya rabu gida biyu, ruwa ya kwanta a ƙasa don ya fi nauyi, a sama kuma wani abu ja-ja mai warin tsohon fenti wanda a da sunansa fetur. Ga mutanen ruwan da aka ce sun taɓa injin, a kwalba, ana kallonsu. Na wanke tanki, na sauya tiyon da ya bushe ya tsattsage. A jikin tiyon akwai ƙwallon roba da ake matsawa don jawo mai, da kibiya a jikinsa. Kan kibiyar injin yake nunawa. Ni da na fara sai na juya shi baya, na yi ta matsa har hannuna ya sage, mai bai zo ba. Ku yi dariyarku, na yafe.

Kafireto ita ce ta ci mini yini guda. Da na kwance ƙoƙon da ke ƙasanta sai na tarar tsohon fetur ya bushe ya zama kamar ƙaro, ya toshe 'yan ramukan da mai ke bi, ramukan da ba su kai kan allura ba. A nan ne hannu ke ƙaiƙayi ya ɗauko allurar ɗinki. Kada ka soma. Ƙarfe yana buɗa ramin, daga nan injin ya koma mashayi, ga hayaƙi, ga cin kuɗi, a wannan zamani da tun cire tallafi a 2023 kowa ke auna fetur kamar turare. Jiƙa su na yi a sabon fetur, na zura silin waya mai laushi guda ɗaya, na busa iska, na ɗaga su sama har sai da na hango hasken rana ta cikin kowane rami.

Gaurayen mai ma da ƙa'idarsa. Yawancin injunan nan kashi 50 na fetur suke so da kashi 1 na baƙin mai, wato jarka mai lita 25 rabin lita za ka zuba mata, kuma man da aka yi don injin ruwa, wanda za ka ga an rubuta TC-W3 a jikin robarsa. Mai auna shi da ido yana cewa “Allah ya sa albarka” ɗayan biyu ne: ya cika, fulogi ya toshe, ko ya gaza, fistin ya cije.

Hajiya ta Zariya, ga inda bakin kaza ya gamu da linzami, ba zan ɓoye miki ba. Na kwance fulogi biyun, na same su baƙi ƙirin. Fulogi shi ne ɗan rahoton inji: in bakinsa ruwan ƙasa ne, lafiya lau, in baƙi ne mai danshi, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni, in ya yi fari fat, injin na yunwar mai yana ƙonewa. Na sayo sababbi. Yadda ake gwada wuta shi ne a sa fulogi a hularsa, a jingina shi da ƙarfen inji, nesa da fetur, a ja igiya a duba ko zai yi tartsatsi shuɗi. Jinginawa aka ce. Ni sai na riƙe shi da yatsu, na ce wa ƙanin matata ya ja. Wutar da ta bi ta gwiwar hannuna ta sa na yi salati da ƙarfi har maƙwabta suka leƙo. Aƙalla dai na tabbatar koyil ɗinsa garau yake, kuma ban biya ko sisi ba.

Matsi kuwa na ari ma'auni wurin wani mai gyaran babur. Silinda biyun suka ba da lamba kusan ɗaya, abin da ake nema ke nan. Da ɗaya ta faɗi warwas, to zancen zobe ne ko fistin, kuma a nan zan ɗaure injin a bayan babur in kai wa masu sana'a. Ka ji, mutumin Baga, ban zo ƙwace maka abinci ba. Buɗe cikin inji naku ne. Amma a ce mutum ya biya kuɗin mota da na aiki don a wanke masa fulogi, wannan sadaka ce da ba lada.

A ja na bakwai ya yi tari. A na tara ya kama, hayaƙi ya turnuƙe gidan, kaji suka watse, Baba ya fito ba hula. Sai dai murnata ba ta yi nisa ba, don injin bai yi fitsari ba. Kada ku harare ni, haka masu jirgi ke kiran ɗan siririn ruwan da ke tsartuwa ta bayansa, shaidar cewa famfo na aiki. Nan take na kashe shi. Na zura waya a ramin, sai ga busasshiyar laka: zanzaro ya yi gini a ciki, ya zauna ba haya. Na fitar da shi, amma tsartuwar ba ƙarfi, don haka na sauke ƙafar injin. Fukafukan robar nan sun sandare, ɗaya ya karye. Na sa sabuwa, sai ga ruwa tsiiit kamar na yaron goye.

Man giya ne na ƙarshe. Da na kwance kusar ƙasa, abin da ya zubo fari ne kamar kunun gyaɗa, alamar ruwa ya shiga. Na cire hular fulogi tukuna, don farfela ba ta san suruki ba, sannan na zare ta. A bayanta zaren koma ya nannaɗe ya yanke robar da ke tare ruwa. Aka sauya robar, na ɗura sabon mai ta ramin ƙasa har ya ɓullo ta na sama, don in ta sama ka zuba iska za ta tokare shi ka zaci ya cika.

Ga masu cewa me ya haɗa malamin makaranta da injin jirgi, ku sani Ole Evinrude, wanda ya fito da irin injin nan da ya fara karɓuwa a kasuwa a 1909 a birnin Milwaukee na Amurka, ana ba da labarin cewa askirim ya je sayo wa budurwarsa a kwale-kwale, kafin ya tuƙo ya dawo ya narke. Haushin wannan ya sa shi ƙera inji. Shi don budurwa ya yi, ni don suruki. Ku faɗa mini wanda ya fi hujja.

Yanzu ga abin da Banufe ke jira. Ranar gwaji muka shiga ruwa da Baba, na sa babbar riga, ina riƙe da hannun inji kamar Sarkin Ruwa. Ba mu yi minti goma ba ya fara shessheƙa, ya mutu. Na ja, na ja, har zufa ta jiƙa rigar. Baba bai ce uffan ba, ya dai ɗauko filafili ya ajiye a cinyarsa. Sai ga wani yaro Basarke da bai wuce shekara goma sha biyu ba ya matso da ɗan jirginsa, ya leƙa, ya ce, “Baba Malam, ba ku buɗe wa tanki hanci ba.” A kan murfin tanki akwai 'yar kusa da ake sassautawa iska ta shiga yayin da mai ke fita. Ni da hannuna na ɗaure ta tamau don kada fetur ya zube a hanya. Yaron ya murɗa ta, tanki ya yi ajiyar zuciya, ja ɗaya inji ya tashi. Na ba shi kuɗin goro na ce ya riƙe sirri. Kafin mu dawo gaɓa duk masunta sun ji.

Abu ɗaya ne ba na wasa da shi. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye dazuzzuka, kututturan itatuwa na nan a ƙasa suna jiran farfela da cikin jirgi. Mutanen yankin ba su manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Komai daɗin ƙarar injinka, kada ka yi lodin da ya wuce kima, kada ka shiga ruwa da dare, ka sa rigar kariya, ka ɗaura igiyar kashe inji a hannunka, ka riƙe fulogi na ajiya da sifana da filafili.

Saura gayyata. Hajiya, kujerar tsakiya taki ce. Mutumin Baga, ka zo ka duba aikina, in ka sami kusa ɗaya a aljihuna na biya ka tara. Mahauci ya zo da tsire, mu ba shi kifi ya ɗanɗana abinci. Kai kuwa Banufe, gaba za ka zauna, Bakatsine na tuƙa ka a kan Kwara, jama'a na kallo. Filafilin da za ka gani kusa da ƙafarka na Baba ne. Ya ce ya yarda da gyarana ɗari bisa ɗari, amma har yau bai taɓa shiga jirgin ya bar shi a gida ba.