Jif Ɗin Surukina a Cikin Korama

Gwankin da babu wanda ya harba tukuna, shi ya haddasa gardamar mota a majalisarmu ta Rigasa. An riga an tsayar da magana cewa da zarar an gama kaka za a tafi farauta wajen Birnin Gwari, tunda sulhun da aka yi da 'yan bindiga a ƙarshen 2024 ya sa hanya ta biyu, har kasuwar shanu ta dawo ci. Saura abin hawa. Sarkin Dawanmu, dattijon da gashinsa ya yi fari a bin daji, ya ce a ɗauki tsohuwar Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya ta wani mai dakon gawayi. Hujjarsa ita ce tun a 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kakuri, babu ƙauyen da za ka shiga ka rasa wanda ya taɓa kwance ta ya ɗaura, in kuma ta mutu ƙarti huɗu sun ishe ta turi. Wani ya kawo shawarar Canter, aka ce kuɗin mai zai gama da mu. Wani ya ce babura, aka tuna masa cewa a wannan yanki ayarin babura da bindigogi, ko da na toka ne, ba abin da mutanen ƙauye ke marmarin gani ba ne.

Ni kuwa na sha kallon bidiyon Amurkawan Kolorado suna farautar wata ƙatuwar barewa mai ƙaho rassa-rassa, don haka na miƙe na yi musu lacca. Na ce ƙosasshen gwanki yakan haura kilo 250, ina za a aza shi? Tafiya ce ta sama da kilomita ɗari kafin ma a sauka daga kwalta, wa zai jure ƙura? Abin da ya dace shi ne jif mai jan ƙafa huɗu, mai esi. Kuma akwai ta a hannu: surukina Alhaji ya tafi Umara, ya bar mini makullin baƙar jif ɗinsa 'yar Kwatano, ya ce in riƙa tayar da ita kada batir ya kwanta. Bai dai faɗi garin da za a tayar da ita ba.

Sarkin Dawa ya ce shi ba ya shiga motar da ba ya jin iskar Allah a cikinta. Sauran suka bi bayansa, don ba a saɓa wa mai lakani ana shirin shiga daji. Aka raba tafiya: su a 504, ni a jif da karnuka da yaron da ke kula da su, tunda ni na yi bakin cewa akwai fili.

Mando, Buruku, Udawa, duk inda na cim musu sai in danna oda in wuce. A Birnin Gwari muka sha shayi, a nan ne Sarkin Dawa ya ga damar sanar da ni cewa gwankin da nake lissafi yana cikin gandun Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, gwamnatin tarayya kuma ta karɓe shi a 1999, fili ne sama da murabba'in kilomita 1,100 da ba a harbin ko ɓera a ciki. Mu zomo da gafiya da zabin daji muka zo nema, can nesa da iyakar gandun. Na ce ba komai, ai zomo ma yana son a ɗauko shi cikin mutunci. Na ja mota na yi gaba a jar hanya.

Ƙauyen da abin ya faru ba zan faɗi sunansa ba, su ma na roƙe su kada su faɗi nawa. Korama ce ta raba shi da hanya, kuma ashe ranar suna dakon wani babban mutum da ya yi musu alƙawarin gada. Yara na hango baƙar jif mai baƙin gilashi suka ruga suna ihun ya iso. Kafin in kai bakin gangare, tsallaken ya cika: mai unguwa cikin babbar riga, masu kalangu, maroƙi, mata na guɗa, ga wani farin rago an ɗaure shi a turke, tukwicin baƙo. Mai hankali zai tsaya ya yi bayani. Amma tun ranar aurena ba a sake yi mini guɗa ba. Na ɗan sauke gilashi daidai yadda hannu zai fita, na jinjina musu. Wuri ya kaure.

Akwai sawun jakuna da babura ta hannun hagu, inda aka jera itatuwa. Hanyar ta yi kwana da yawa ga mutum mai matsayina, sai na miƙe ta tsakiya, kan farin yashi mai kyan gani. Na tuna da maganar jan ƙafa huɗu, na laluba na danna wani maɓalli mai jar fitila, na taka totur. Mota ta yi gaba taku kaɗan, ta yi wani nishi, ta fara sauka ƙasa a hankali. Na ƙara wuta, ta ƙara nitsewa, tayoyi na watsa baƙin taɓo har kan rigar mai unguwa. Maɓallin nan kuwa, ashe na ɗumama kujera ne, na mutanen ƙasashen sanyi. Ga rana ta take, ga mazaunaina suna gasuwa.

Kalangu ya rage sauri, ya koma ɗai-ɗai, ya yi shiru. Wata mata ta ɗauko guɗa ta kai rabi ta haɗiye sauran. Maroƙi ne kaɗai bai karaya ba, yana ta faɗin ga mai gada, ga giwa mai ture icce. Na ce bari in fito in ba da haƙuri cikin dattako.

Wannan fitowar ita ke hana ni barci. Na buɗe ƙofa, jama'a suka ga mai gada sanye da rigar farauta ta aro, duk layu, da guntun wando da takalmin roba. Na sa ƙafar dama, ta shige har gwiwa. Na sa ta hagu don in ceto ta dama, ita ma ta bi 'yar uwarta. Na yi baya, na zauna daɓas, kuma makullin rimot yana aljihun baya. Abu biyu ya yi a lokaci guda: jiniyar ɓarayi ta ɗauka, but kuma ya ɗaga kansa sannu a hankali, da natsuwar da ni ban samu ba. Karnukan da tun daga Udawa suke amai a kan kujerun fatar Alhaji suka diro, suka shaƙi iska, suka ga farin rago. Rago ya tumɓuke turke ya ratsa ta tsakiyar masu kalangu, karnuka a bayansa, yaron karnuka a bayansu, mai unguwa ya tattare riga yana salati. Ni ina zaune cikin taɓo, duk motsin da na yi sai jiniya ta canza murya. A cikin wannan hargitsi na ji maroƙi, da muryar nan tasa da ke kai wa ƙarshen gari, yana tambaya: "Jama'a, wai wannan direbansa ne, ko mai ba karnukansa abinci?" Na maimaita wannan tambaya a raina a kwance da a zaune, har yanzu ban ga wadda ta fi sauƙi a cikin biyun ba.

Mutum ɗaya ne bai motsa ba, wani tsoho a gindin ɗorawa yana tufkar igiyar rama. Sai da ƙura ta lafa ya ce, "Sannu, yaro. Da ka bi ta hagu."

Na ce, "Na gode, Baba."

"Kowa ta hagu yake bi."

Ya ci gaba da tufka. Can ya ce in kashe ta ta huta, gajiya ce. Na kashe. Ya ce a'a, in tayar, kada ta saba da wurin. Da samari suka kawo fatanya suna haƙa, ya ce su bari, haƙa na ƙara wa korama fushi. Ya ce a juya kanta ta fuskanci Kaduna, domin mota kamar jaki ce, in ta ga hanyar gida da kanta za ta tashi. Na ce, "Baba, ta yaya za a juya abin da ya kafe?" Ya ce wannan kuma aikin masu boko ne, shi shawara ya bayar. Ya ba ni labarin wata motar katako da ta kafe daidai nan shekarar da aka kashe Murtala, 1976 ke nan. Na tambaya da ɗoki yadda aka fitar da ita. Ya nuna ƙarƙashin jif da haɓa, ya ce, "Ai a kanta kake." Daga ƙarshe ya dube ni da tausayi na gaskiya, ya ce in kwantar da hankalina, in bar ta zuwa damina, ruwan Agusta ba ya barin komai a koramar nan, a bara ma har da turmin matarsa ya tafi.

Ana cikin haka 504 ta iso tana tari. Direban ya karya ta hagu, ya haye itatuwan nan a giya ɗaya, ya leƙo ya ce, "Sannu da hutawa, Alhaji." Sarkin Dawa ko kallona bai yi ba. Bijiman noma biyu ne suka ja jif ɗin gab da magariba, da igiyar da tsohon nan ya gama tufkawa a gabana, ya kuma sayar mini da ita a farashin da ya ce na masu gada ne. Na biya kuɗin ɗingishin rago, na biya wankin babbar riga. Su Sarkin Dawa suka shiga daji suka samo zomayensu, ni na kwana gadin mota.

Wani malami ya kwantar mini da hankali cewa a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne. Na ji daɗin fatawar, sai dai hancin surukina ba ya bin mazhaba. An wanke kujerun da omo, an turara su da turaren wuta, an bar gilashi a buɗe, abin sai ƙaruwa yake in rana ta yi zafi. Jirgin Alhaji zai sauka ranar Asabar, kuma ni zan ɗauko shi. Duk wanda ya san maganin warin kare a kujerar fata, don Allah ya neme ni kafin Juma'a.